Tarihin Auna Gangara da Hisabin Miƙaƙƙen Layi

A cikin mas'alolin hisabi da ake ɗora wa ɗaliban sakandare a wannan zamani akwai wata wadda malami kan wuce ta cikin darasi ɗaya ko biyu saboda sauƙinta, watau a ba yaro ɗigo biyu a kan takarda, a gaya masa matsayin kowannensu da adadi biyu, sa'an nan a nemi ya faɗi gwargwadon yadda layin da ya ratsa su yake hawa ko gangarawa, ya kuma rubuta mu'adalarsa, wato jimlar lissafin nan mai gefe biyu daidai wa daida wadda kowane ɗigo na layin yake cika sharaɗinta. Duk da ƙanƙantar mas'alar, wanda ya bi salsalarta zai tarar fannoni uku ne suka taru a cikinta, kowanne da mutanensa da zamaninsa: sana'ar magina da masu jan ruwa, waɗanda suka san gangara da igiya da ma'auni, da ilmin handasa, wanda ya san siffofi da hujjojinsu, da ilmin aljabara, wanda ya san yadda ake fitar da adadin da aka jahilta daga wanda aka sani. Sun daɗe suna maƙwabtaka, wani lokaci ma a ƙirjin malami guda, amma daga takardar Masar da za mu fara da ita zuwa ranar da suka haɗu a shafi ɗaya an shafe fiye da shekara 3,000, kuma dalilin wannan jinkiri ya cancanci a tsaya a dube shi.

A shekarar 1858 wani mutumin Sikotilan mai suna Alexander Henry Rhind ya sayi wata naɗaɗɗiyar takarda ta bardi a garin Luksor, wadda a yau take ajiye a babban gidan tarihi na birnin Landan. Magatakardan da ya rubuta ta, mai suna Ahmes, ya yi aikinsa ne wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya kuma bayyana da kansa cewa kwafowa ya yi daga wani littafi da ya girme shi ƙwarai. A cikin mas'aloli fiye da 80 da ke cikinta, waɗanda da yawansu a kan rabon gurasa ne da awon hatsi da na gonaki, akwai biyar a jere, daga ta 56 zuwa ta 60, da suka shafi karkatar gini irin na dala. Ma'aunin mutanen kamu ne, kamu ɗaya tafi bakwai, tafi ɗaya yatsa huɗu. Abin da suke kira seked kuwa shi ne yawan tafin da bango yake ja zuwa ciki duk sa'ad da ya tashi sama da kamu ɗaya. A mas'ala ta 56 aka ce ga dala, faɗin gindinta kamu 360, tsayinta kamu 250. Sai magatakarda ya raba gindin biyu ya sami 180, ya raba wannan da 250, ya riɓanya abin da ya fito sau bakwai domin ya koma tafi, amsa ta fito tafi biyar da kashi ɗaya cikin 25 na tafi.

Hikimar wannan awo a fili take ga duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gini, domin mai sassaƙa dutsen da za a aza a gindi da mai sassaƙa wanda za a aza kusa da ƙololuwa bayan shekaru masu yawa, tilas ne su yanka fuskar duwatsunsu a karkace iri ɗaya, in ba haka ba kusurwoyin nan huɗu ba za su gamu a sama ba. Adadi guda kuwa da kowa ya haddace ya wadatar da su duka. Babbar dalar Giza, ta Fir'auna Khufu, gindinta kamu 440 ne, tsayinta na asali kamu 280, watau tafi biyar da rabi ga kowane kamu. Mahaifinsa Sneferu kuwa ya bar wata a Dahshur wadda aka fara da tsayuwar kusan daraja 54, da aka kai wajen rabi aka sassauta zuwa kusan 43, har yau ana ganin lanƙwasar a jikinta, galibin masu bincike kuma suna ganin tsoron rushewa ne ya sa maginan suka sake lissafi. Abin lura a nan shi ne, Bamisire tambayarsa ita ce nawa aka shiga ciki a kowace tashi, mu kuwa tambayarmu nawa aka tashi a kowace tafiya. Saboda haka katangar da ta miƙe tsaye cak, wadda ɗalibin yau yake cewa ba a iya faɗin gangararta tun da ba a raba adadi da sifiri, a wurin Ahmes ita ce mafi sauƙin mas'ala, ba ta ja ciki ko yatsa guda. Shimfiɗaɗɗen fili ne zai gagare shi, shi kuwa ba fili yake ginawa ba.

Masu jan ruwa larurarsu ta saɓa da ta magina, domin su da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke fama, suna neman 'yar gangarar da ido ba ya gani amma ruwa yana jin ta: in ta yi yawa ruwa ya yi gudu ya cinye magudanar, in ta yi kaɗan ya kwanta laka ta toshe ta. Rumawa, a ƙarni na farko na Miladiyya, sun jawo ruwa daga wani marmaro kusa da Uzes zuwa birnin Nim a kudancin Faransa, tafiyar kusan kilomita 50, alhali bambancin tudu tsakanin mafari da maƙura bai kai mita 13 ba, watau saukar da ba ta kai kamu ɗaya a kowace kilomita ba. Farisawa kuma tun gabanin haka sun ƙware wajen haƙa rijiyoyi a jere daga gindin dutse, su haɗa ƙarƙashinsu da rami guda mai 'yar gangara har ruwa ya ɓullo da kansa a gona; da irin wannan dabara aka gina magudanar da ake jingina wa Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta shayar da alhazai a Arfa ƙarnoni da dama. Wajen shekara ta 1000 Miladiyya Abubakar Alkaraji ya wallafa littafi sukutum a kan fitar da ruwan da ke ɓoye a ƙasa, ya siffanta kayan awon tudu da kwari, ya bayyana yadda mahaƙa za su kiyaye miƙewar rami da gangararsa. Wannan Alkarajin kuwa shi ne mai Alfakhri, ɗaya daga manyan littattafan aljabara na zamaninsa. Ga gangara ga aljabara a hannun mutum ɗaya, amma kowanne a littafinsa dabam.

Hujjar da ta tabbatar da abin da magina suka sani da hannu daga Yunanawa ta zo. Uƙlidis, wanda ya karantar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Miladiyya, ya sanya a sahun farko na ƙa'idojin da ya gina littafinsa na Usul a kansu cewa ana iya jan miƙaƙƙen layi tsakanin kowane ɗigo biyu, a maƙala ta shida kuma ya kafa dalili cewa alwatika biyu da kusurwoyinsu suka yi daidai, nisbar da ke tsakanin gefunansu ma ɗaya ce, ko da ɗaya ƙarama ce ɗaya babba. Wannan shi ne sirrin da ya sa gangarar miƙaƙƙen layi ba ta sākewa, ko a gindinsa aka auna ko a ƙarshensa, ko taku ɗaya aka ɗauka ko taku dubu. Sai dai a wurin Uƙlidis nisba ba adadi ba ce, dangantaka ce tsakanin abu biyu masu jinsi ɗaya, a gwada layi da layi, fili da fili, jiki da jiki, ba a yarda a haɗa layi da fili a jimla guda ba. Bayansa Abuluniyus ya rubuta maƙala takwas a kan lanƙwasassun layukan da ke fitowa idan aka yanka mazugi, yana auna ɗigoginsu daga wasu layuka tsayayyu da ya zaɓa, abin da ya yi kusa ainun da hanyar yau; amma kullum siffar ce take zuwa da farko, awon ya biyo baya a matsayin bayaninta.

Da mulki ya koma hannun Abbasiyawa aka gina Bagadaza, sai waɗannan littattafai suka shiga Larabci. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara Usul a zamanin Haruna Rashid, ya sake gyara shi a zamanin Ma'amun. Sabitu ɗan Ƙurra, mutumin Harran, wanda ya rasu a 901, ya tace wata fassarar, shi ne kuma ya juya maƙala ta biyar da ta shida da ta bakwai na Abuluniyus, waɗanda asalinsu na Yunananci ya ɓace, ba don Larabci ba da duniya ta rasa su. A Bagadaza, wajen shekarar 820, Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya wallafa taƙaitaccen littafinsa na hisabin jabru da muƙabala, ya kasa mu'adaloli gida shida, ya nuna hanyar warware kowanne, duka da kalmomi, babu alama ko ɗaya. Ya faɗi tun a gabatarwa cewa ya yi shi ne domin bukatun mutane na gado da wasiyya da rabo da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanai, kuma kusan rabin littafin mas'alolin wasiyya ne da gado.

A nan ne babban shamaki yake, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fara'ili zai gane shi. Mas'alar gado amsa ɗaya take nema: mamaci ya bar kaza da kaza, rabon wance nawa ne? Idan malami ya gama lissafi bai fitar da adadi ƙayyadadde ba, to mas'alar ba ta cika ba, ko an tauye wani bayani. Mu'adalar layi kuwa majahulai biyu gare ta, watau adadi biyu da aka jahilta, ba ta da amsa ɗaya, amsoshinta ba su ƙirguwa, kowace daraja ka ba na farko sai na biyu ya fito da tasa. Ba wai malaman ba su san irin waɗannan mas'aloli ba ne: Abu Kamil na Masar, wanda ya biyo bayan Alkhawarizmi, ya yi risala a kan sayen tsuntsaye iri-iri da kuɗi ƙayyadaddu, har ya ƙirga amsoshi fiye da 2,000 ga mas'ala guda. Amma jera su ya yi a lissafe, a matsayin abin al'ajabi na hisabi, bai nemi siffar da za su yi ba in an zuba su a kan takarda.

Sauran kayan aikin ma duk suna nan a warwatse a hannun masu ilmin falaki da miƙati. Fiƙihu ya ɗaure shigar La'asar da inuwa, watau sa'ad da inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire wadda ta rage a lokacin zawali, saboda haka masu kula da lokutan salla suka kasa sandar awo yatsa 12 ko ƙafa bakwai, suka tsara jadawalin tsawon inuwa ga kowace daraja ta tashin rana. Habash Alhasib ya yi irin wannan jadawali a ƙarni na 9, Albiruni kuma ya keɓe wa inuwa littafi guda. Nisbar inuwa da sanda kuwa, in an duba, ita ce tambayar Ahmes da wata riga, nawa a kwance ga nawa a tsaye. Haka nan nuna wuri da adadi biyu tsohon abu ne, domin Batalimus ya jera tsawo da faɗin wurare kusan 8,000 a littafinsa na jugurafiya a ƙarni na 2, Alkhawarizmi ya gyara fiye da 2,000 a Suratul Ardi, Albiruni kuma a 1025 ya kammala littafin da ya tantance matsayin Gazna domin a san alƙiblarta. Garuruwa ake nunawa da adadi biyu, ba a kai ga nuna ɗigogin layi da su ba.

Wanda ya fi kowa kusantar haɗa handasa da aljabara shi ne Umar Khayyam, mutumin Naisabur, wanda ya rubuta risalarsa ta aljabara a Samarƙandi wajen shekarar 1070. Ya kasa mu'adaloli nau'i 25, ya nuna 14 daga cikinsu, masu daraja ta uku, ba su warwaruwa sai an zana lanƙwasassun layuka biyu irin na Abuluniyus, inda suka gitta juna nan amsa take. Wannan aiki ne babba, sai dai handasa a wurinsa hadima ce da ake kira ta fitar da amsa guda sa'an nan a sallame ta. Abu uku suka ɗaure masa hannu kamar yadda suka ɗaure na magabatansa: rubuta komai da kalmomi, wanda yakan sa mu'adala ɗaya ta cinye rabin shafi; da ƙin karɓar adadin da ke ƙasa da sifiri a matsayin amsa; da ƙa'idar Yunanawa ta cewa layi ba ya haɗuwa da fili. A cikin masu rubutu da Larabci, malaman Magrib da Andalus ne suka fara kwance ɗaurin farko, har Alƙalasadi, wanda ya rasu a ƙasar Tunis a 1486, yana rubuta harafi guda a madadin majahuli, wani harafin a madadin murabba'insa.

A wannan tsakani ilmin ya riga ya tsallaka Turai ta ƙofar Andalus, domin a 1145 Robert na Chester ya juya littafin Alkhawarizmi zuwa Latin. Wajen tsakiyar ƙarni na 14 wani malamin birnin Faris na Faransa mai suna Nicole Oresme, wanda daga baya ya zama bishop na Lisieux, ya ja layi a kwance ya ce shi ne lokaci, ya tsai da wasu layuka a kansa ya ce su ne saurin abin da ke tafiya a kowane lokaci, sai ya ga idan saurin yana ƙaruwa bisa ƙa'ida ɗaya kawunan layukan nan suna jeruwa a kan miƙaƙƙen layi mai hawa. Ya sami zane amma ba shi da mu'adala. A 1591 kuma François Viète, lauya mai warware wa Sarkin Faransa wasiƙun sirri na abokan gaba, ya fito da tsarin sanya wasula a madadin majahulai, baƙaƙe a madadin adadin da aka sani, ta haka ya yiwu a rubuta mu'adala guda da ta ƙunshi dukan 'yan uwanta. Shi kuma ya sami mu'adala amma bai mai da ita zane ba.

Haɗuwar ta auku ne a hannun Faransawa biyu, a lokaci guda, ba tare da ɗaya ya ɗauka daga ɗaya ba. Pierre de Fermat ma'aikacin shari'a ne a majalisar birnin Tulus, hisabi kuwa abin hutunsa ne. Yana cikin ƙoƙarin maido da wani ɓataccen littafin Abuluniyus daga abin da marubutan baya suka ambata a kansa, sai ya gane cewa mu'adala mai majahulai biyu, wadda aka saba ɗauka tauyayya, ita kanta siffa ce. Ya shimfiɗa majahuli na farko a kan layi daga wani ɗigo tsayayye, ya tsai da na biyu a bakinsa, ya ce a bar na farko ya yi ta tsawo a ga hanyar da kan na biyu zai bi. Ya kuma nuna cewa muddin majahulan ba a riɓanya su da kansu ko da juna ba, hanyar miƙaƙƙen layi ce. Risalar ta zaga hannun malaman Faris tun wajen 1636, amma ba a buga ta ba sai 1679, shekara 14 bayan rasuwarsa. René Descartes kuwa yana zaune a Holan. A 1631 Jacob Golius, malamin Larabci da hisabi a jami'ar Leiden, wanda bai daɗe da dawowa daga Gabas da tarin littattafan hannu ba, cikinsu har da Abuluniyus na Larabci, ya jefa masa wata tsohuwar mas'ala ta Pappus na Iskandariyya, shi kuwa ya warware ta da aljabara. A 1637 ya buga hanyarsa a Leiden, a matsayin ɗaya daga rataye uku na littafinsa a kan manhajar tunani. A can ne ya sanya haruffan farkon abacada a madadin sanannun adadi, na ƙarshe kuma, watau x da y da z, a madadin majahulai; a can ne kuma ya kwance ɗaurin Yunanawa, da ya zaɓi wani ɗan layi ya ce shi ne ɗaya, ya nuna cewa da wannan sharaɗi layi sau layi yana iya zama layi, ba lalle sai fili ba.

Ana yawan ba yara labari cewa ƙuda ne Descartes ya gani yana yawo a rufin ɗaki yana kwance, tunanin ya faɗo masa. Wannan ruwaya ce marar isnadi, ba ta cikin rubuce-rubucensa. Hasali ma wanda ya buɗe littafinsa ba zai tarar da layuka biyun nan masu gittawa da aka raɗa wa sunansa ba, domin galibi layi ɗaya yake kafawa, na biyun kuma ba dole ya tsaya a miƙe ba. Littafin yana da wuyar fahimta, sai da Frans van Schooten ya juya shi zuwa Latin a 1649, ya sake fitar da shi da sharhi mai yawa tsakanin 1659 da 1661, sa'an nan ya yaɗu. A cikin wannan bugu na biyu har da risalar Jan de Witt, wanda a lokacin shi ke riƙe da ragamar mulkin Holan. Daga wannan bugu Isaac Newton ya koya yana saurayi, shi ne kuma a risalarsa ta 1704 ya zana layuka a dukan sassa huɗu na takarda, dama da hagu, sama da ƙasa, yana karɓar adadin da ke ƙasa da sifiri ba tare da ƙyama ba. Shi da Leibniz, wanda ya buga tasa hanyar a 1684, suka ɗauki tambayar gangara suka kai ta kan lanƙwasasshen layi, inda take sākewa daga ɗigo zuwa ɗigo, daga nan wani sabon fanni ya tsiro.

Yanzu sai a dubi mas'alar kanta a ga hannun kowa a cikinta. A ce ɗigo na farko yana taku 2 zuwa dama daga mafari, taku 3 zuwa sama; na biyu kuma taku 6 zuwa dama, 11 zuwa sama. Hawan da aka yi tsakaninsu 8 ne, tafiyar kwance 4, in an raba 8 da 4 a sami 2, watau kowane taku ɗaya gaba, taku biyu sama. Wannan aikin magini ne. Sa'an nan a ɗauki kowane ɗigo na layin a kira matsayinsa x da y, a ce hawansa daga ɗigon farko, wato y − 3, tilas ya zama ninki biyu na tafiyarsa, wato x − 2. Tilascin nan hujjar Uƙlidis ce, haruffan kuwa na Descartes. Sai a rubuta y − 3 = 2x − 4, a ƙara 3 a kowane gefe domin a cike abin da aka tauye, wanda shi ne ainihin jabrun Alkhawarizmi, a sami y = 2x − 1. Wanda ya sa 6 a gurbin x zai ga 11 ta fito, shaida ke nan cewa ɗigo na biyu yana kan layin. Ɗayan nan da aka ɗebe kuma yana nuna inda layin ya yanka layin tsaye, taku guda ƙasa da mafari, a yankin da Khayyam bai yarda a shiga ba.

Wannan sassauƙar siga ba ta zauna a littattafan koyarwa ba sai ƙarshen ƙarni na 18, ta hannun Gaspard Monge, ɗaya daga waɗanda suka kafa babbar makarantar injiniyoyi ta Faris a 1794, da almajirinsa Sylvestre Lacroix, wanda littattafansa suka zama abin karantarwa a ƙasashe da dama. Ba a rasa dalili ba da ya sa a makarantar injiniyoyi abin ya daidaita, domin zamanin hanyoyi da gadoji da magudanai ne, ga jirgin ƙasa yana tafe. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da riƙo, tudun da jaki zai hau da kaya ko a jikinsa, jirgi sai ya tsaya yana darzar dogo. Shi ya sa safiyo yake auna kowane yanki ya rubuta hawa ɗaya cikin ɗari ko ɗaya cikin ɗari biyu. Hawan Lickey kusa da Birmingham, wanda aka buɗe a 1840, ɗaya ne cikin 37 da 'yan kai, amma sai da aka ajiye injuna na musamman masu turo jirage daga baya. A ƙasarmu ma, bayan dogo ya iso Kano a 1911, da aka bukaci sauko da kuza daga tsaunukan Jos, siririn dogo aka shimfiɗa daga Zariya, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, ya kai Jos da Bukuru a 1914, ya yi aiki har 1957. Siririn dogo yana jure lanƙwasa, lanƙwasa kuwa tana tsawaita tafiya, tsawon tafiya kuma shi ke rage kaifin hawa, tun da abin da ake rabawa bai ƙaru ba, abin da ake rabawa da shi ne ya ƙaru.

Da ilmin ya koma hannun masu awo sai suka tayar da wata mas'ala wadda malaman takarda ba su damu da ita ba. Ɗigo biyu sun isa su tsai da layi idan ɗigogin sahihai ne, amma safiyo da mai duban taurari sun san babu awon da ya kuɓuta daga kuskure, saboda haka sukan auna sau goma ko ashirin, su tarar ɗigogin sun ƙi jeruwa, kowane biyu da aka ɗauka su ba da layi dabam. A 1805 Adrien-Marie Legendre ya buga mafita a ƙarshen wani littafi kan hanyoyin taurari masu wutsiya: a auna tazarar kowane ɗigo daga layin da ake zato, a riɓanya kowace tazara da kanta, a tara, sa'an nan a zaɓi layin da jimlarsa ta fi ƙanƙanta. Carl Friedrich Gauss ya buga tasa hujjar a 1809, yana cewa tun 1795 yake aiki da ita, aka yi ta jayayya a kan wanda ya riga. Layin da ake samu ta wannan hanya yana iya ƙin taɓa ko ɗigo ɗaya daga cikin waɗanda aka auna, duk da haka ya fi kowannensu kusa da gaskiya. Da shi ne a yau masu bincike suke gwada yawan taki da yawan amfanin gona, ko shekarun yaro da nauyinsa a asibiti, su karanta gangararsa su ce in wannan ya ƙaru da ɗaya, wancan zai ƙaru da kaza.